Kowane Gida Sau Biyu Ake Gina Shi

A saman wani shagon sayar da tayil akwai wani ɗan kamfani da ma'aikatansa ba za su cika bas ɗaya ba, sana'arsu kuwa wasan kwamfuta ne na tuƙa jirgin yaƙi. Kada ka ji an ce wasa ka ɗauka na yara ne. Masu sayensa manyan mutane ne, wasu har da furfura, irin waɗanda za su tayar da jijiyar wuya don an sa wa jirgi ƙusa a inda babu ita. Mutum zai zauna a ɗakinsa ya kama sandar tuƙi, ya tashi jirgi, ya je ya yi luguden wuta ya dawo, matarsa na kiransa abinci yana hucewa, shi kuwa yana ce mata ta bari ya sauka tukuna.

Duk bayan wani lokaci sai kamfanin ya ƙara wa wasan sabon fagen yaƙi, wato sabuwar taswira da garuruwanta da gadojinta da filayen jirginta, a sayar wa masu wasan. Zaɓen wannan fage shi ne babbar rigimar gidan, domin wanda aka ɗauki shawararsa shi zai ja ragamar aikin, sauran su koma ƙarƙashinsa har a gama.

A cikinsu akwai wanda ake kira Magini. Bai taɓa ɗaga bulo ba a rayuwarsa, amma duk gidan da ka gani a ƙasa in kana shawagi, hannunsa ne. Ya daɗe a wurin. Waɗanda suka zo bayansa sun shugabanci aiki sun gama, shi yana nan yana jera tagogi. Ba ya faɗa, amma abin yana cinsa.

Aikin nasa yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: kowane gida sau biyu ake gina shi. A gina shi lafiyayye, sannan a gina shi rusasshe, a ɓoye na biyun a ƙarƙashin na farko. Da zarar bom ya sauka, kwamfuta ta ɗauke lafiyayyen ta ajiye rusasshen cikin ƙiftawar ido, hayaƙi ya rufe musayar. Gidan da ba shi da rusasshensa ba ya shiga taswira, ko da kuwa bayan gida ne.

Ranar taron zaɓe aka hallara a ɗakin da ke da majigi. Manaja ya fara da gargaɗi. "Kada wanda ya ce mini hamada. Mun yi ta sau biyu. In muka sake ba su yashi, za su kwaso shi su zuba mana a ƙofa."

Dogo, wanda ya shugabanci aikin bara kuma har yanzu bai sauko daga kan kujerar ba a zuciyarsa, ya miƙe ya ce teku. Tsibirai, manyan jiragen ruwa, saukar jirgi a kan bene yana tangaɗi. Mai Talla, wadda aikinta shi ne ta sa mutane su saya, ta ce duwatsun ƙanƙara, domin wuta tana yin kyau a kan fari. Dogo ya ce ai sai ta buɗe shagon hoto. Ta ce tekunsa ruwa ne zalla, mutum zai yi rabin awa bai ga ko akuya ba. Aka yi ta ja, Manaja yana murza goshi.

Nan Magini ya ji bakinsa ya buɗe. "Kwari fa?"

Aka juyo. Kowa ya san yaƙin da yake nufi, wani tsohon yaƙi da aka yi a kan wani kwarin kogi, wanda ba kamfanin da ya taɓa yi wa taswira. Magini ya ce jirage a can ƙasa-ƙasa suke bi tsakanin tuddai biyu, ga gada, ga layin dogo, ga garuruwa a jere a bakin ruwa. Ba tafiyar banza, kana tashi kana cikin fama.

"Shi ya sa ba wanda ya yi shi," in ji Dogo. "Garuruwan sun tashi. Ba hotuna. Da me za ka gina, da mafarki?"

"Ina da wanda ya san wurin," in ji Magini. "Lungu-lungu."

Bai ce mahaifiyarsa ba ce. Manaja ya riga ya daina murza goshi yana dubansa, irin duban da bai taɓa yi masa ba. Aka tsayar cewa kowa ya yi ɗan samfuri na fagensa, a nuna wa masu wasan, su jefa ƙuri'a.

To, Mama dai tana zaune ita kaɗai a wani ɗan gida a ƙarshen gari, da tukwanen furanninta da rediyonta. Magini shi ne autanta, kuma kamar yawancin 'yan auta, ya fi kowa samun gata ya fi kowa ƙarancin ziyara. Sai ga shi ranar Asabar da ledar lemo. Wata Asabar ɗin ma ga shi. Mama ta dube shi sama da ƙasa.

"Auta, lafiya? Ko kun yi faɗa da matarka ne?"

"Haba Mama. Mutum ba zai zo gaida uwarsa ba sai da dalili?"

"Wani dai. Kai kam da dalili."

Ya yi dariya, sannan ya faɗi abin da ya shirya tun a mota. "Garinku nake so in gina miki a kwamfuta. Kamar yadda yake kafin yaƙi. Ki gan shi da idonki."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma da wannan ya riƙa lallashin kansa. Rabin gaskiya ce, rabin da ya fi daɗin ji. Mama ta san yana aikin jirage a kwamfuta, amma a tunaninta wani abu ne kamar koyar da tuƙi. Bai taɓa gyara mata tunanin ba.

Ta kashe rediyo. Sai ta jawo farantin shayi, ta tsoma yatsa a ruwan da ya zube a kai, ta ja layi mai lanƙwasa. "Wannan kogi ne. Nan gada. In ka sauko daga gada ka bar injin niƙa a dama, sai layin teloli."

Matar da a da in an ambaci garin sai ta tashi ta shiga kicin, yanzu ita ce ke kiransa a waya tsakar rana yana ofis. "Auta, na tuna! Tankin ruwan tasha ba zagaye yake ba, mai kusurwa ne, kuma ya ɗan karkace." Ta ba shi makarantar da ke da ƙararrawa a jikin itace. Ta ba shi kantin da ake sayar da kananzir. Ta ba shi gidansu, na huɗu a layin teloli, mai hawa ɗaya, shagon babanta a ƙasa, matakala ta waje, itacen lemo a tsakar gida, da ƙofa koriya wadda baban ya shafa da ragowar fentin wani kwale-kwale. Har maƙwabta sai da suka ji labari. Autanta yana gina mata garinsu.

Matarsa ce ta fara tsinka masa jin daɗi. Ta tsaya a bayansa wata safiya yana gyara matakalar a kwamfutar gida, ta ce, "Ya yi kyau. Ka gaya mata abin da ake yi da gidajen in ka gama?"

"Zan gaya mata."

"Yaushe?"

"Ki bar ni in gama mana."

Ta ɗauki kofinsa ta fita. Ya yi ta kallon matakalar bai taɓa komai ba, sannan ya ci gaba.

Da ya gama lafiyayyen gari sai aiki na biyu ya taso. Ga sauran gidaje ba wuya, akwai tarin ɓaraguzai da aka saba amfani da su, a ɗauko a manna. Da ya yi wa gidan tela haka ma ba wanda zai sani. Amma Magini gwani ne, kuma gwaninta ba ta san kunya ba. Ya manna ɓaraguzan gama-gari, ya duba, ya ga ba su zauna ba. Yana son na ainihi.

Ranar Asabar ya bari sai da suka gama shan shayi. Ya sa muryar da ake tambayar farashin tumatir da ita. "Mama, bayan abin ya faru, yaya gidan ya koma?"

Ta dube shi. "Me za ka yi da wannan?"

"Ba komai. Ina so in sani ne kawai. Ba ki taɓa gaya mana ba."

Ta daɗe tana juya cokali a kofin da ba komai a cikinsa. Sannan ta faɗa. Ita da mahaifiyarta sun tafi wanki bakin kogi, suka ji jirage sun bi ta kansu ƙasa-ƙasa. Gada jiragen suka nufa, gadar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Da suka dawo a guje, layin teloli ya zama fili. Babanta yana shago lokacin, da ƙanenta da ke zama a ƙarƙashin tebur yana tattara ƙyallaye.

"Bango duk ya kwanta," in ji ta. "Amma ƙofar tana tsaye a cikin katakonta, a rufe. Ba bango dama, ba bango hagu, ita kaɗai. Matakalar ma tana nan, ta hau sama ba ta isa ko'ina ba. Ƙafar keken ɗinkin Baba ta leƙo daga cikin ƙasa. Ka san abin da uwata ta yi? Ta je ta buɗe ƙofar ta shiga. Ga fili ko ta ina, amma ta ƙofa ta bi."

Magini ya riƙe hannunta, idonsa ya kawo ruwa, kuma ruwan na gaskiya ne. Sai dai a daidai lokacin wani sashe na kansa yana lissafin tsayin matakalar da inda ƙafar keken za ta fi fitowa in an duba daga sama. Ya kama kansa yana yi, ya ji ƙyamar kansa, amma bai daina ba. Kafin ya isa gida ya gama ginin a ka.

Ranar nuni samfurinsa ya tashi kan kowa. Dogo da kansa ya zauna a kujerar gwaji, wadda ke da allo uku da sandar tuƙi, ya ce bari ya ga abin da ake ta kururutawa. Ya bi kogi, ya kifa jirgi ta ƙarƙashin tudu, ya saki bom ya kuskure gada, ya share layin teloli. Ya buga cinya yana ihu. "Kai! Magini, ashe kana nan!"

"Tsaya, tsaya," in ji Mai Talla. "Koma baya. Mene ne wancan kore?"

Aka matso da hoton. Ƙofa a tsaye cikin hayaƙi, matakala a gefe.

"Wannan shi ne hoton tallarmu," in ji ta. "A ina ka samo wannan tunanin?"

"Haka kawai ya zo mini," in ji Magini.

Masu wasan suka jefa ƙuri'a, Kwari ya yi wa teku da ƙanƙara fintinkau. Aka sanar. Manaja ya kira Magini ofishinsa ya ba shi hannu, aka matsar da teburinsa kusa da taga. Abin da ya daɗe yana so ya samu, ya zauna a kai, ya ji kamar ya sa takalmin wani.

Mama kuwa ta ƙosa. "Auta, garin nan ko sai na mutu za a buɗe shi?" Ya yi ta kawo uzuri har uzuri ya ƙare. Daga ƙarshe ya ce ranar Asabar da safe, lokacin da ba kowa a ofis.

Ya shirya abin da kyau, a ganinsa. Ya zaɓi ƙaramin jirgi mai tafiya a hankali, ya sauke masa bama-bamai, ya kwashe harsasai. Ya cire bindigogin ƙasa, ya cire jiragen abokan gaba. Ya sa rana ta hantsi da sararin sama garau. Ya duba ya sake dubawa. Ba abin da zai fashe a garin nan yau.

Ta zo da kayanta na fita unguwa, har da turare. Ta hau matakalar kamfanin tana hutawa a kowane kwana, tana cewa masu tayil ɗin nan ba su da fara'a. Ya zaunar da ita a kujerar gwaji, ya durƙusa a gefenta ya riƙe sandar.

Jirgi ya tashi, ya haye tudu, sai ga kwari ya buɗe a gabansu, kogi yana ƙyalli.

Mama ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah. Auta. Ga gada."

Ya bi da ita a hankali. Tana nunawa da yatsa har tana taɓa allo. Ga tanki, kuma ya karkace yadda ta ce. Ga makaranta. Ga injin niƙa. Tana kiran masu gidajen ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ba wanda ya ambace su shekara da shekaru, tana ba shi labarin wanda ke da mugun kare da wadda ke ba yara alewa. Tana dariya hawaye na zuba, ba ta ma share su. Magini bai taɓa ganin fuskarta haka ba. A ransa ya ce, ko ba komai wannan ya biya.

"Ga namu! Ga ƙofar! Juyo, juyo, ka wuce shi."

Ya juyo, suka sake wucewa.

"Kana sauri. Sauka ƙasa in gani. Kamar har labulen shago ka sa?"

"Na sa, Mama. Amma jirgi ba ya tsayawa, sai dai mu yi ta zagayawa."

"Kawo nan. Kai ba ka san inda nake son gani ba."

Ta ɗora hannunta a kan nasa, ya sakar mata, yana murmushi. Ya ce ta ja baya in tana son sama, ta tura gaba in tana son ƙasa, a hankali. Suka zagayo ta kan gada, layin teloli ya miƙe a gabansu, koriyar ƙofa tana ƙara girma. Mama ta tura sandar. Ta ƙara turawa. Ba tuƙi take yi ba, gida take tafiya.

"Mama, ja baya. Mama!"

Ya kai hannu, amma ya makara. Ya cire bom, ya cire harsashi, ya manta cewa a wurin kwamfuta jirgin kansa ma abin rushe gida ne.

Ƙara ta cika ɗakin. Allon ya yi ja, sannan hoton ya fito waje yana zagaya wurin a hankali, kamar yadda wasan ke yi duk lokacin da matuƙi ya faɗi, don ya ga ɓarnar da ya yi. Hayaƙi ya yaye. Bango ya kwanta. Ƙofa tana tsaye a cikin katakonta, a rufe. Matakala ta hau ba ta isa ko'ina ba. Ƙafar keken ɗinki ta leƙo daga ƙasa, daidai inda ta fi fitowa in an duba daga sama.

Magini ya yi ta lalube ya kasa samun maɓallin kashewa. Hoton ya zagayo sau ɗaya, ya sake zagayowa.

"Bar shi," in ji Mama.

Ya bari. Ta duba tsaf, ba ta ƙifta ba.

"Wannan ba yanzu ya rushe ba," in ji ta. "Gina shi aka yi haka."

"E, Mama."

"Shi ya sa ka tambaye ni."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige ya ja ta ya rufe.

A kusurwar allo wata lamba ta fito tana walƙiya. Mama ta nuna ta da haɓa. "Wannan fa?"

"Maki ne."

"Na me?"

"In mutum ya rushe gini, ana ba shi maki."

"Mutum wa?"

"Masu wasan. Waɗanda za su saya."

"Su da yawa ne?"

"Da yawa."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata lokacin tashin mota. Ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta gyara mayafinta. "Kai ni gida, Auta. Na bar wanki a igiya."

Da ta zage shi da ya samu sauƙi. Ya san zaginta, ya tashi a cikinsa, ya san inda yake farawa da inda yake ƙarewa. Amma a mota sai ta ce ya tsaya ta sayi sabulu. Ta yi ciniki da mai kanti, ta dawo ta zauna. A ƙofar gida ta ce ya gaida matarsa da yara. Ya zauna a motar bayan ta shige, ya kasa tayarwa ya kasa fita.

Ranar Litinin tun kafin Manaja ya ajiye jakarsa Magini ya shiga. Ya faɗi komai, har da wace ce mai sanin lungu-lungu. Manaja ba mugun mutum ba ne, ya zauna ya saurara, ya ce subhanallahi a inda ya dace.

"A canza fage," in ji Magini. "A ba Dogo tekunsa. Ni na haƙura da shugabancin."

"An riga an sanar. Mutane sun zaɓa. In muka janye yanzu, ba kai kaɗai za ka koma gida ba, dukanmu ne."

"To a bar gidan nan ɗaya ya zama ba ya rushewa. Guda ɗaya tak."

Manaja ya yi ajiyar zuciya. "Ka fi ni sanin mutanen nan. Ranar farko wani zai gano akwai gidan da bom ba ya ci. Kafin yamma duk sun ji. Za su bar gada, su bar tasha, su yi layi a kansa da duk abin da jirgi zai iya ɗauka, su ɗauki bidiyo suna dariya. Gidan da ya fi kowane shan wuta a taswirar zai zama. Haka kake so?"

Magini ya san gaskiya ce.

"Abu ɗaya zan iya yi maka," in ji Manaja. "Cire shi. Abin da babu, ba a jefa masa bom."

Mai Talla ta yi fushi da ta ji hotonta ya tafi, har sai da aka gaya mata dalili, sannan ta koma teburinta ta bar maganar hoton, wanda ba halinta ba ne. Dogo ya zo ya tsaya a kan Magini, ya ajiye masa kofin shayi ya wuce. Magini ya buɗe layin teloli. Ya ɗauke lafiyayyen, ya ɗauke rusasshen. Ya share wurin, ya shimfiɗa ƙasa da 'yar ciyawa. Itacen lemon kawai ya bari, domin itace ba ya cikin ƙa'idar gini biyu. Da ya gama ya ji wani ɗan sanyi a ransa, na farko tun ranar Asabar. Ya ce ko ba komai ya ceci gidan.

Da wannan ɗan sanyin ya tafi wurin Mama da yamma, da kwamfutar hannu a jaka. Ya same ta tana ba furanni ruwa. Ta amsa gaisuwarsa kamar kullum, ta kawo masa kujera. Ya ƙi zama a kai, ya durƙusa.

"Mama, na yi miki laifi. Na ɓoye miki abin da nake yi. Ki yafe mini."

"Tashi, ƙasa da sanyi."

"Na gyara. Na cire gidan gaba ɗaya. Ba wanda zai ƙara taɓa shi, ko mutum nawa suka saya. Ki duba ki gani."

Ta goge hannunta a zane, ta zauna. Ya buɗe kwamfutar a kan cinyarta. Wannan karon ba jirgi, hoto ne tsaye daga bakin titi. Gida na uku yana nan, gida na biyar yana nan. A tsakaninsu fili, da ciyawa, da itacen lemo.

Ta daɗe tana kallo. Ya tsaya yana jiran ta ce Allah ya yi masa albarka, ko ta ce ya kyauta, ko ma ta ce ya makara.

"Wa ya gaya maka wannan?" in ji ta.

"Wanne?"

"Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko babanku bai san na je ba." Ta kai yatsa ta taɓa filin, daidai inda ƙofar take a da. "Na koma sau ɗaya, ina da cikinka. Na ce bari in je ko ƙofar nan in gani. Na sauko daga gada, na bar injin niƙa a dama, na ƙirga. Na uku, na biyar, duk an sake gina su. Na yi ta tambayar mutane, ba wanda ya san an taɓa yin gida a wurin. Sai itacen nan."

Magini ya sake duban filin da ke kan allon.

"Yanzu kam ka yi shi daidai," in ji Mama. "Haka na tarar."

Ta rufe kwamfutar da hannunta, a hankali, don kada ta lalata masa kayan aiki, ta miƙa masa. Sannan ta ɗauki butarta ta koma wurin furannin da ba ta gama ba wa ruwa ba.